Masu Addu'a na Madagaska: Shekara 25 Babu Malami, Babu Majami'a

A tsibirin Madagaska, daga 1835 zuwa 1861, akwai laifin da in an kama mutum da shi yana iya rasa dukiyarsa, ko a sayar da shi bawa, ko a soke shi da mashi. Sunan laifin addu'a. Kalmar da mutanen ƙasar suka fi kiran mabiya Almasihu da ita a lokacin ita ce mpivavaka, wato masu addu'a. Da wannan suna ake kai ƙararsu fada, da shi ake yanke musu hukunci, kuma da shi suka ci gaba da amsawa har tsawon rubu'in ƙarni, ba mai wa'azi daga waje, ba ɗakin sujada, ba izinin riƙe ko shafi ɗaya na littafinsu.

Na ɗauko wannan tarihi ne don malamai da iyayen yara, Kirista da Musulmi, saboda tambayar da ke cikinsa tamu ce duka. In aka wayi gari an rufe makaranta, malami ya tafi, me zai rage a cikin yaro? Wanda ke da dangi a ƙauyukan jihar Tilaberi, inda rashin tsaro ya sa aka rufe lakwal da dama, ya san wannan ba tambayar majalisar shayi ba ce.

Labarin ya faro ne daga aji. A 1818 wasu samari biyu daga yankin Wels na Birtaniya, David Jones da Thomas Bevan, suka sauka a Tamatave, tashar jiragen ruwa da ke gabashin tsibirin, da aiken ƙungiyar mishan ta Landan. Daga baya suka ɗauko iyalansu daga tsibirin Moris, kowane da matarsa da ƙaramin yaro. Su shida ke nan. Cikin ƴan watanni zazzaɓin gaɓar teku ya kashe biyar, Jones kaɗai ya rage, shi ma da ƙyar. Da ya tattara ya koma gida ba wanda zai ga laifinsa. Amma ya yi jinya a Moris, a 1820 ya dawo, wannan karon ya hau tudu har Antananarivo, fadar Sarki Radama na ɗaya, ya buɗe aji da ɗalibai uku a watan Disamba. Shekarar da ta biyo David Griffiths ya iske shi.

Radama ba addini yake nema ba, kuma har ya mutu bai zama Kirista ba. Sarki ne mai cin ƙasashe da yaƙi, yana son magatakarda masu rubuta masa wasiƙa da lissafi, da sojoji masu karanta umarni, da maƙera da magina. Tun 1817 ya ƙulla yarjejeniya da Ingila a kan daina fitar da bayi, su kuma su ba shi kuɗi da makamai da masu horar da soja. Makaranta a wurinsa kayan mulki ce. Talakawa ma haka suka fahimce ta, shi ya sa da yawa suka riƙa ɓoye ƴaƴansu, masu hali kuma suna tura yaran bayinsu a madadin nasu, don sun ga daga aji sai aikin sarki ko soja. Wanda ya ji yadda kakanninmu suka karɓi lakwal a zamanin Nasara ba zai yi mamaki ba.

Mutanen Madagaska suna da ajaminsu tun kafin zuwan Turawa. Sunansa sorabe, rubutu ne da haruffan Larabci, amma yana hannun wasu ƴan tsirarun malamai na ƙabilar Antemoro ta kudu maso gabas, waɗanda ke rubuta asiri da tarihin dangi da lissafin taurari. A fadar ma ƙalilan ne ke iya karanta shi. A 1823 Radama ya yanke cewa za a rubuta harshen Malagasi da haruffan boko, kowane harafi da sautinsa guda. Wannan hukunci, a ganina, shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Yaro ya shiga aji yana karanta harshen da uwarsa ta yi masa rarrashi da shi, cikin ƴan watanni ya iya, ya koma gida ya koya wa yayarsa. Kafin Radama ya rasu a 1828 ɗaliban sun kai dubbai, kuma manyansu ake turawa ƙauyuka su riƙe ƙananan makarantu.

Jones da Griffiths suka kama fassara Littafi Mai Tsarki, kuma ba su kaɗai suka yi ba. Ɗalibai goma sha biyu da suka fi ƙwazo ne suka zauna tare da su suna juya magana har ta zauna daidai a kunnen ɗan ƙasa. Turawan aka fi ambata a littattafai, amma duk wanda ya taɓa fassara ko sanarwar taron iyayen yara ya san baƙo ba ya yin wannan aiki shi kaɗai. Injin buga littafi ya iso a 1826, mai sarrafa shi ya mutu jim kaɗan da isowarsa, sai wani kafinta mai suna James Cameron ya harhaɗa injin da dabara. Sabon Alkawari ya fito a 1830. Don a kwatanta, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa sai a 1932 aka buga shi, kusan shekara ɗari bayan na Malagasi.

Bayan Radama, matarsa Ranavalona ta ɗaya ta hau gado. Littattafan Turawa sun daɗe suna zana ta kamar mahaukaciya mai shan jini, ni kuwa ba na son malami ya koyar da ita haka kawai. Ta yi zalunci mai yawa, wannan ba a musu. Amma tana da dalilinta, kuma dalilin ba na wauta ba ne. Faransa ta kai hari gaɓar gabas a 1829. A 1845 jiragen Faransa da na Ingila suka haɗu suka yi wa Tamatave ruwan wuta. Mulkinta ya dogara ne a kan albarkar kakanni da a kan sampy, gumakan fada waɗanda ake rantsuwa da su, ake fita yaƙi da su. A idonta, wanda ya bar kakannin sarauniya ya koma yana roƙon Yesu, kakan Turawa yake roƙo, kuma wanda ya ba kakan baƙo zuciyarsa gobe zai ba jikan baƙon ƙasa. Tsoron da take ji na cewa Turai na kwaɗayin tsibirin ya tabbata, don a 1896 Faransa ta haɗiye shi, kamar yadda ta haɗiye mu ba da daɗewa ba. Inda ta ɓata lissafi shi ne da ta ɗauka bangaskiyar mutanen nan a jikin Turawa take rataye, in an kori Turawa ta faɗi.

Da farko ta yi sassauci. Ana ba da labarin cewa ta tambayi ƴan mishan ko suna da wani abu mai amfani da za su koyar, kamar yin sabulu, Cameron kuwa ya haɗa mata sabulu da kayan ƙasa cikin mako guda, wannan ya ƙara musu ƴan shekaru. A watan Mayu na 1831 aka yi wa mutanen farko baftisma, su ashirin. Ba a rufe shekarar ba aka janye izinin. Sai ƙararraki suka fara zuwa fada. Biyu daga cikin ƴan mishan, Freeman da Johns, sun rubuta a littafin da suka buga a 1840 irin tuhumar da aka yi wa masu bi: sun raina gumaka, kullum suna cikin addu'a, ba sa rantsuwa, matansu ba sa yarda da lalata, bakinsu ɗaya a kan addininsu, kuma suna keɓe rana ɗaya a mako ba sa aiki. Ku sake karanta jerin nan a hankali. Ba a ce sun yi sata ko sun ƙi haraji ba. Abin da aka gani a jikinsu ɗabi'a ce ta yau da gobe, kuma ita ce ta tayar da hankalin fada.

Ranar 1 ga Maris 1835 aka tara jama'a a babban gangami a Antananarivo, da sojoji da harbin igwa, aka karanta umarnin sarauniya. An hana baftisma da taron sujada da kiyaye Lahadi. Duk wanda ya taɓa yin ɗaya daga cikinsu ya zo ya kai ƙarar kansa, an ba da wata guda, daga baya aka rage zuwa mako. A kawo littattafai duka. An ruwaito cewa har umarni aka bayar mutane su manta da abin da aka koya musu, kada su ƙara tunawa da shi. Jama'a da yawa sun miƙa wuya, wannan ma tarihi ne kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Ɗaruruwan hafsoshi aka rage wa girma, wasu masu yawa aka ci su tara, da dama cikin waɗanda ke cika majami'a jiya suka ce dama karatu kawai suka je koya. Ɗakin sujada na Ambatonakanga daga baya kurkuku aka mai da shi, ana ɗaure masu bi a inda suka saba durƙusawa.

A lokacin saura wani ɓangare na Tsohon Alkawari ba a buga ba, ga shi an hana ƴan ƙasa taɓa aikin. Edward Baker, mai buga littafin, ya zauna da kansa yana jera haruffa ɗaya bayan ɗaya, dare da rana. A watan Yuni na 1835 cikakken littafin ya fito, wata uku bayan an haramta shi. Aka rarraba a ɓoye, aka sa wasu a akwatuna aka binne. David Johns kuma ya fassara littafin John Bunyan na tafiyar mai ibada, masu bi suka riƙa kwafarsa da hannu. A watan Yuli na 1836 Johns da Baker, na ƙarshe cikin ƴan mishan, suka bar birnin.

Daga nan ne tarihin da ya fi damuna ya fara, kuma shi ne aka fi tsallakewa a ruga zuwa labarin mashi da wuta. Ranar kisa rana ɗaya ce. Shekara ashirin da biyar kuwa safiya ce fiye da dubu tara, kowace sai mutum ya tashi ya zaɓa ko zai ci gaba ko zai bari, ba mai kallonsa, ba mai yaba masa. Yaya suka yi?

Suka mai da gida majami'a, dare kuma ya zama Lahadinsu. Ana haɗuwa bayan gari ya yi tsit, a rufe ƙofa, a yi addu'a da raɗa. In suna son raira waƙa da murya sai su yi tafiya mai nisa zuwa kan tsauni, inda za su hango mai zuwa tun daga nesa. Wasu kogo suka riƙe. Gidajen tudun nan suna da ramin ajiyar shinkafa a ƙarƙashin ƙasa, irin aikin da rumbu ke yi mana, nan ake ɓoye littafi, wani lokaci har da mutumin da ake nema. A gundumar Vonizongo, kusa da Fihaonana, an ɓoye wani Littafi Mai Tsarki shekaru masu yawa a kogon da ake keɓe masu ciwon agana, don an san ɗan doka ba zai sa ƙafa a ciki ba.

Da littattafan suka yi ƙaranci sai aka warware ɗinkinsu. Wannan gida ya riƙe Zabura, wancan Bisharar Yohanna, na gaba wasiƙun Bulus, bayan wani lokaci a yi musaya. Shafi in ya yage a ɗinke shi da zare, in ya goge a sake rubuta shi da hannu. Abin da ya fi wannan duka shi ne hadda. Mutumin da ya san gobe ana iya ƙwace takardar da ke hannunsa ba ya karatun shashanci, yana zuba ta ne a ka. Mu da muka tashi muna jin tilawar almajirai da asuba ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani: abin da ke ƙirji ba a kama shi a bincike, ba ya jiƙewa, gara ba ta cin sa. Sarauniya ta iya tattara takardu, amma umarnin a manta shi ne umarni ɗaya da ba ta da sojan da zai zartar mata.

Kuma karatu bai tsaya ba don an daina koyar da Littafi a aji. Duk wanda ya shigo cikinsu, abu na farko da ake yi masa shi ne a koya masa haruffa, don ya iya tsayawa da ƙafarsa in an kama wanda ya kawo shi. Miji ya koya wa mata, uwa ta koya wa ɗiya, bawa ya koya wa ubangijinsa, wani lokaci a kurkuku ma ana yi. Yaran da Jones ya zaunar a 1820 su ne manyan da suka riƙe wannan aiki a 1840, ba albashi, ba mai duba makarantu.

Ga abin da nake so iyaye su lura da shi. Wasiƙun da masu bi suka riƙa aikawa a ɓoye zuwa Moris da Ingila sun tsira, kuma abin da ya fi yawa a cikinsu roƙon littattafai ne, don nasu sun tsufa, da roƙon a yi musu addu'a kada su karaya. Sun fi tsoron zuciyarsu ta yi sanyi fiye da tsoron mashi. Wannan ya nuna mini cewa jimirinsu ba taurin kai ba ne irin na wanda ya rantse ba zai ba da kai ba. Taurin kai yana kai mutum wata shida, ko shekara, sa'an nan ya gaji ko ya zama mai ɗaci. Su kuwa suna da wanda suke magana da shi kullum. Da aka ɗauke musu mai wa'azi da ginin sujada da ƙararrawa, duk abin da mutum kan jingina da shi har ya ɗauka shi ne addinin, sai ya rage daga su sai Allah, kuma a nan suka gane ko sun san shi ko labarinsa kawai suka ji. Waɗanda labari kawai suka ji sun tafi tun makon farko.

Wadda aka fara kashewa mace ce, Rasalama, ɗaya daga cikin waɗanda aka yi wa baftisma a 1831. An kama ta a 1837 tare da wasu, aka ɗaure ta da sarƙa mai lanƙwasa jiki, aka yi mata dūka. Ranar 14 ga Agusta aka fito da ita zuwa Ambohipotsy, a kudancin tudun birnin, tana raira waƙar sujada a hanya. Da aka isa ta roƙi a ba ta lokaci ta yi addu'a, aka ba ta, tana durƙushe aka soke ta da masu, aka bar gawarta ga karnuka. Wani saurayi mai suna Rafaralahy ya bi ta har wurin ya ga yadda ta mutu. Maimakon ya ja baya sai ya buɗe gidansa na bayan gari ya zama wurin taro. Shekarar da ta biyo wani da suka taɓa yin addu'a tare ya tona shi, aka kashe shi a wuri guda, bai faɗi sunan kowa ba.

Tonon asiri daga cikin gida yakan fito, kuma wannan ya fi mashin ciwo. Rafaravavy, mace mai dangi a fada wadda gidanta ya zama matattarar masu bi, barorinta ne suka fara kai ƙararta. An yanke mata hukuncin kisa, sai gobara ta tashi a birnin a daren da za a wayi gari a kashe ta, hankalin hukuma ya koma can, aka bar ta cikin sarƙa, daga baya aka sayar da ita baiwa. A 1838 ta gudu ta ratsa daji zuwa Tamatave, ta shiga jirgi a ɓoye tare da wasu, su shida suka isa Ingila a 1839. Wasu da suka gwada irin wannan gudu a 1840 ba su yi sa'a ba, tara daga cikinsu aka soke.

Mafi muni shi ne 28 ga Maris 1849. Mutum 18 aka kashe a ranar. Huɗu ƴan sarauta ne, kuma al'ada ta hana zubar da jinin sarauta, don haka aka ƙone su da rai a Faravohitra, cikinsu har da mace mai ciki. Sauran 14 aka naɗe su da tabarma aka jefo su daga kan dutsen Ampamarinana, kusa da fadar sarauniya. Kafin a saki kowane ana tambayarsa ko zai daina addu'a. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da komawa gida wurin ƴaƴansa. Wajen mutum dubu biyu aka hukunta a wannan karo ta wasu hanyoyi: tara, bulala, bauta, aikin fasa dutse.

Akwai kuma shan tangena, gubar ƙwallon wani itace. Ana ba wanda ake tuhuma fatar kaza yanka uku ya haɗiye, a bi da gubar. In ya amayar da ukun duka ba shi da laifi, in ɗaya ya maƙale ko ya mutu, laifinsa ya tabbata. Wannan ba Kirista kaɗai ta ci ba, ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa a zamanin. A 1857 wasu Faransawa, Laborde da Lambert, suka shiga ƙulla juyin mulki don ɗora Yarima Rakoto, ɗan sarauniya. Asiri ya tonu, aka kori Turawan, fushin ya sauka a kan masu addu'a, don an san yariman yana kare su. Aka jefe wasu da duwatsu a Fiadanana, wasu aka haɗa su da ƙarfe a wuya rukuni rukuni aka tura su yankunan zazzaɓi, in ɗaya ya mutu sauran su ci gaba da jan nauyin ƙarfensa. A nan dole in ce Turawan nan sun yi wasa da rayukan da ba nasu ba. Su jirgi ya kwashe su, ƴan ƙasa suka biya.

Masana tarihi sukan ƙiyasta waɗanda aka kashe kai tsaye saboda bangaskiya a kan kimanin 150. In aka auna da waɗanda yaƙe-yaƙe da aikin tilas suka ci a mulkin Ranavalona, adadin kaɗan ne, kuma ba na son a kumbura shi. Nauyin abin yana wurin dubban da ba a kashe ba, waɗanda suka rayu da tara da bauta da tsoron maƙwabci, suka yi ta renon yara cikin wannan hali. Ka yi tunanin uwar da za ta yanke shawarar ranar da ɗanta ya isa a gaya masa abin da ke cikin ramin shinkafa, ta san yaro da baki, ta san maganarsa ɗaya a wurin wasa tana iya kawo masu mashi ƙofar gida. Da iyayen nan sun ce a bari sai ƙura ta lafa, da ƙarni guda ya tashi bai san komai ba, don ƙurar ta yi shekara 26. Mutanen ƙasar suna kiran zamanin da sunan lokacin da ƙasa ta yi duhu.

Ranavalona ta rasu a watan Agusta na 1861. Ɗanta ya hau da sunan Radama na biyu, ya ba da ƴancin addini, aka kwance sarƙoƙi. Mutane suka fito daga daji da kogo da gidajen bauta, wasu an daɗe da yi musu makoki. William Ellis na ƙungiyar Landan, wanda ya ziyarci tsibirin a shekarun 1850, ya dawo a 1862. Abin da ya tarar ya ninka abin da aka bari a 1836 sau da yawa: dubban masu bi, da ikilisiyoyi masu shugabanninsu ƴan ƙasa, waɗanda akasarinsu ba su taɓa zama gaban Bature mai wa'azi ba. Aka gina majami'u huɗu na dutse don tunawa, a Ambatonakanga da Ambohipotsy da Faravohitra da Ampamarinana, suna nan tsaye a Antananarivo har yau.

Abin da ya biyo baya ya fi wuyar yanke wa hukunci. A watan Fabrairu na 1869 Sarauniya Ranavalona ta biyu da firaministanta Rainilaiarivony suka karɓi baftisma a hannun Andriambelo, fasto ɗan ƙasa wanda ya yi wa'azi a ɓoye a zamanin duhu. A watan Satumba aka ƙone gumakan fada. Nan take majami'u suka cika suka batse, don yanzu addu'a ta zama hanyar fada, a wasu ƙauyuka ma hakimai ke kora mutane zuwa sujada kamar yadda ake kora su aikin sarki. Ƴan mishan da kansu sun koka cewa taron ya yi yawa, masu karatu da fahimta sun yi kaɗan. Tsofaffin da ke da tabon sarƙa a wuya suka sami kansu a benci ɗaya da waɗanda suka kai ƙararsu. Ban ce duk masu shigowar munafukai ne ba, da yawa jikokinsu ne ke riƙe da ikilisiyar yau. Amma yaron da aka haifa a 1870 yana da littafi cikakke mai bango, da malami, da ƙararrawa, kuma ba lalle ya kai kakarsa sanin abin da ke ciki ba, ita da ta rayu da shafi goma ɗinkakku.

Gwajin ya sake dawowa ta wata ƙofa, wannan karon a kan ƴan Katolika. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Madagaska da Faransa a 1883, aka kori limaman Katolika da ƴan zuhudu Faransawa gaba ɗaya, aka sa masu gadi a ƙofofin majami'unsu. Victoire Rasoamanarivo, surukar firaminista, wadda ta yi karatu a makarantar masu zuhudu tana yarinya, ta je ta tsaya a ƙofa har aka buɗe. Ita da wani malamin makaranta ɗan ƙasa, Raphaël Rafiringa, da ƙungiyar samari, suka riƙe sujadar Lahadi da azuzuwa da ziyarar ƙauyuka kusan shekara uku ba limami ko ɗaya. Da limaman suka dawo a 1886, makarantun suna buɗe, yara suna ciki.